Kawu Danjuma da Firijin da Naira ta Kasa Gyarawa

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka binne Kawu Danjuma a Kafanchan. Yayan mahaifiyata ne, kuma a gidansa na zauna duk shekarun da na yi karatun unguwarzoma. Ranar jana'izarsa fasto ya yi magana a kan shekarunsa talatin na aikin jirgin ƙasa, da 'ya'yansa shida, da yadda bai taɓa kai ƙarar kowa gaban alƙali ba. Duk gaskiya ne. Amma akwai aiki guda da ya yi wanda ba a ambata ba, ni kuma da ya kamata in tashi in faɗa, kuka ya hana ni. Bana da naira ta sake shiga halin da kowa ya sani, har jikokina na duba farashin dala a waya kafin su karya kumallo, sai na ga lokaci ya yi da zan faɗi abin da ban faɗa ba a ranar.

Kawu gajere ne, mai faɗin tafin hannu, kuma babu farce a babban yatsansa na hagu, domin wani ƙarfe ya cire shi a loko, wurin gyaran kan jirgi, tun yana saurayi. Makanikin kan jirgi ne. Ba shi da daɗin baki, kuma bai damu a ce yana da shi ba. A majami'a bencin baya yake zama, kusa da ƙofa, ba ya rera waƙa, sai dai ya riƙa buga ƙafa. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Rifkatu, bai taɓa kirana da sunan ba. Uwata yake ce mini, ko da yana yi mini faɗa. Hausarsa irin tamu ce ta nan kudu, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, komai "shi" ne.

A shekarar 1987 aka tura ni riƙe wani ƙaramin ɗakin shan magani na ikilisiya a wani ƙauye a ƙasar Kagoma. Ɗaki uku ne, da rijiya, da firiji guda. Matasan yau ba su san irin wannan firiji ba. Babu lantarki a ƙauyen, don haka da kananzir yake aiki. A ƙarƙashinsa akwai tanki, a kan tankin akwai wani ƙarfen tagulla mai riƙe da lagwani, wanda muke kira kan wuta. In aka kunna shi, zafin ne ke juya abin da ke cikin bututun firijin har ciki ya yi sanyi. Kullum da safe sai na durƙusa na leƙa. In harshen wutar shuɗi ne, lafiya lau. In ya koma ja yana hayaƙi, to akwai magana. A cikin firijin nan ake ajiye allurar rigakafin yaran ƙauyuka da dama da na mata masu juna biyu. Allurar kuwa in ta sha zafi ta mutu, kuma ba za ka gane da ido ba, kwalbar tana nan yadda take.

Ban cika shekara ba kan wutar ya lalace. Haƙoran da ke ɗaga lagwanin sun cinye, jikinsa kuma ya tsage. Wakilin masu sayar da irin firijin a Kaduna ya ce babu shi a ƙasar nan, sai an yi odarsa daga Turai, kuma da kuɗin waje ake biya. Ya faɗi farashinsa a naira. Shugaban kwamitin ɗakin maganin, wani tsohon hedimasta da muke kira Baba Yakubu, ya sanar a majami'a, mutane kuwa suka yi abin a yaba. Bayan girbi zumuntar mata ta kawo citta da acca, maza suka kawo doya da dawa, aka sayar, aka haɗa abin da wakilin ya ce har da ɗan ƙari.

Baba Yakubu ya sa rigarsa ta zuwa taro ya tafi Kaduna, ya dawo da kuɗin a aljihu. A 'yan watannin da muka yi muna jiran girbi, darajar naira ta zube a gwanjon kuɗin waje da ake yi a lokacin, abin da muka tara bai kai ko kusa ba. Ba zan manta da taron da aka yi a ajin makarantar firamare ba. Baba Yakubu ya ɗauki alli yana zane a allo, yana ƙoƙarin bayyana yadda kuɗi zai ragu alhali ba wanda ya taɓa shi. Mutanen da suka girma suna jin cewa naira ta fi dala ƙarfi suka yi ta kallonsa. Wata tsohuwa ta miƙe ta ce takardun nan dai su ne, hotunan da ke jikinsu ma ba su sake ba, to wa ya ci? Ba ta kama suna ba, amma kowa ya san inda maganar ta dosa. Mutumin da ya koyar da rabin ƙauyen karatu ya koma gida ranar kansa a sunkuye.

Aka sake haɗawa a girbin da ya biyo baya. Aka sake zuwa Kaduna. Farashin ya sake yin gaba ya bar mu, kamar mai bin inuwarsa da yamma.

A tsakanin nan, sau ɗaya a wata nake hawa babur in ɗauko allura daga Kafanchan a cikin akwatin ƙanƙara, in yi wa waɗanda suka samu zuwa a ranar, sauran sai wani watan, in ruwa bai yanke hanya ba. Da bazarar shekara ta biyu baƙon dauro ya shigo. A unguwa guda muka binne yara uku cikin mako biyu. Ɗaya daga cikinsu ni na karɓi haihuwarta, kuma uwarta ta kawo ta rigakafi har sau biyu tana tarar da akwatina babu komai.

Shi ma Kawu a lokacin nasa ya ishe shi. An rage ma'aikata, sunansa na ciki. Shekara da shekaru yana da burin in ya bar aiki ya sayi injin feƙe ƙarfe ya buɗe wurin kansa, har ya je ya ga injin ya shafa shi. Kafin a biya shi kuɗin sallama, farashin ya ninka ya sake ninkawa. Sai ya koma gindin mangwaron ƙofar gidansa yana gyaran kekuna da fitilu, yana faɗa da duk wanda ya tsaya gaishe shi. Nan na same shi wata Asabar, bayan mutuwar yarinyar nan. Ban je don neman taimako ba, na je ne in yi kuka inda ba majinyaci da zai gan ni. Ya bar ni na gama, yana ta goge wata sarƙar keke. Sannan ya ce in kawo masa kan wutar da ya lalace ya gani. Na ce masa kayan Turai ne, kuma wakilin ya gargaɗe mu cewa in wani ya taɓa shi, su babu ruwansu da firijin.

Ya ɗago ya dube ni. "Uwata, wanda ya ƙera shi, hannu goma ne da shi?"

Na kai maganar gaban kwamiti, Baba Yakubu ya ƙi. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da aka riga aka yi wa kallon ɓarawo ba zai so a ce kuma ya miƙa kayan jama'a ga mai gyaran keke ba. Amma ni na riga na yanke shawara. Na kwance kan wutar, na naɗe shi a zane, na kai Kafanchan ba da sanin kowa ba.

Kwana uku Kawu yana kallonsa kafin ya taɓa shi da wani abu. Da ya warware shi gunduwa-gunduwa a kan tabarma, sai ya ce haƙoran zai iya fitar da su da magagari, amma jikin yana buƙatar tagulla mai laushi da hannun da ya iya liƙi mai kyau, kuma mutum ɗaya ya sani a garin: Malam Inuwa, maƙerin da ke bakin kasuwa, wanda kakanninsa suka zauna a nan tun kafin a shimfiɗa layin dogo. Tare suka yi ƙuruciya. Sai dai waɗanda suka zauna a Kafanchan a shekarun nan sun san halin da ake ciki. Garin ya ga tashin hankalin addini ba da daɗewa ba, kuma mutane sun daina shiga unguwannin juna sai da dalili mai ƙarfi. Matar Kawu ta roƙe shi ya aika kawai. Ya sa hularsa, ya hau kekensa, ya ce zumunta a ƙafa take.

Daga baya Kawu ya ba ni labarin cewa Malam Inuwa ya juya abin a hannunsa, ya shiga cikin gida, ya fito da wata tsohuwar tasar tagulla ta marigayiya mahaifiyarsa, ya sa almakashin ƙarfe ya yanka ta a gabansa. Da Kawu ya yi maganar lada, sai ya ce masa, "Danjuma, baƙon dauro ba ya tambayar sunan yaro kafin ya shiga gida." Ba su sake tayar da zancen ba.

Mako shida suka yi. Ranar da muka kunna sabon kan wutar, harshen ya tashi shuɗi, washegari cikin firijin ya yi sanyi. A nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Kawu ya ce in bar shi mako biyu babu komai a ciki, a ga halinsa. Ni kuwa fuskar uwar yarinyar nan ce a idona. Kwana biyu kawai na jira, na ɗauko allurar wata guda na zuba. A rana ta huɗu aka kira ni karɓar haihuwa a wani ƙauye, na wuni can. Kafin in dawo wutar ta koma ja, baƙin hayaƙi ya toshe bututun, firijin ya ɗumame. Duk abin da ke ciki ya lalace.

Dole na rubuta rahoto, dole kuma asirina ya tonu. Kwamiti ya kira taro, kuma tun kafin a zauna an riga an fara maganar a nemi a canza ni. Ban gaya wa Kawu ba, amma labari ya kai masa. Muna tsakiyar taron sai ga shi ya shigo, ƙura har gwiwa, domin motar kasuwa ta sauke shi a mararraba ya ƙarasa da ƙafa. Bai jira an ba shi izini ba. Ya ce shi ya sa ni in ɗauko ƙarfen, kuma laifin wutar nasa ne: ƙananan hujin da iska ke shiga ta cikinsu, da ido ya auna su, sun yi kaɗan. Ya roƙi a ba shi wata guda, babu allura a ciki sai kofin ruwa. In ya kasa, su ɗaure shi tare da firijin su kai wa wakilin. Baba Yakubu ya tambaye shi ko yana da takardar shaidar gyaran firiji. Kawu ya ce ba shi da ita, amma yana so ya san ko takardar da ke hannun wakilin ta taɓa sanyaya ruwa ko cokali guda a ƙauyen nan cikin shekara biyu. Wani dattijo ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, a bar shi ya gwada.

Da muka fito na fara yi masa godiya, sai ya katse ni. "Huji nawa ne, gaggawa naki ne. Kowa ya ɗauki nashi." Bai ƙara ambatar zancen ba har ya mutu.

Wata guda ya yi a ƙauyen, yana kwana a ɗakin ajiyar kaya. Ya wasa wayar ƙafar keke ya mai da ita abin huda, yana ƙara huji ɗaya, ya kunna, ya zauna a ƙasa yana kallon launin wutar tsawon yini, washegari ya ƙara wani. Lagwanin ma daga waje ake kawo shi, don haka ya kai tsohon ga wani masaƙi a ƙauyen, suka yi ta gwaji da zaren auduga har aka samu mai jan kananzir daidai. Da watan ya cika, kwamiti ya taru a gaban firijin. Baba Yakubu ne ya buɗe. Ya ɗauko kofin daga wurin ƙanƙara, ya kife shi, ruwan bai zubo ba. Ya daɗe yana riƙe da shi har yatsunsa suka yi sanyi, sannan ya ce, "Danjuma, ka gafarta mini." Kawu ya ce babu abin gafartawa, amma yana da shawara guda: kuɗin nan da ke ajiye kada su sake kwana da shi, su mai da shi kananzir da kwanon rufi tun yana da sauran ƙarfi. Cikin mako aka yi haka. Tsohuwar nan da ta yi tambaya a taron farko ita ta fara kai wa Baba Yakubu kazar ban haƙuri.

Firijin ya yi aiki har bayan rasuwar Kawu, sai da aka kawo mai amfani da hasken rana aka ajiye shi. Labari kuma ya bazu. Daga wajen Zangon Kataf da wasu wurare aka riƙa kawo masa kan wuta, da kayan injin niƙa, da famfon rijiya, duk abin da faɗuwar naira ta sa sabonsa ya gagara. Shi da Malam Inuwa suka riƙa raba aikin. Bai yi arziki ba. Yawanci da doya da acca ake sallamarsa, shi kuwa ya ce ya fi son haka, domin doya ba ta raguwa a cikin buhu saboda wani ya yi magana a rediyo. Amma ya daina faɗa da masu gaishe shi.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau, da dala ɗaya ta haura naira dubu. Na san abin da ba zai ce ba. Ba zai ce wahala makaranta ce ba. Ya ƙi jinin masu wannan wa'azi, musamman in sun yi shi da cikakken ciki. Har ya mutu bai huce ba a kan injin da bai samu saya ba, kuma yakan ce zalunci ne gumin mutum na shekara talatin ya narke a hannunsa alhali bai yi caca ba, bai sha giya da shi ba. Bai kuma taɓa cewa abin da ya ƙera ya fi na kamfani ba. Cewa yake da an samu na kamfanin a kan lokaci, da yara uku suna nan. Ya lura cewa manoman citta sun ɗan ji daɗi a wasu shekarun, da masu fitar da ita waje suka riƙa biya da kyau, amma ya lura kuma cewa abin da citta ta kawo da hannun dama, taki da kayan babur sun karɓe da na hagu. Ina jin yau ma haka zai gani.

Abin da zai fi ba shi haushi, a ganina, shi ne kayan zamani da ake liƙewa babu ko kusa guda da za a kwance. Zai ɗauki wayar jikana ya juya ta, ya nemi inda ake buɗewa, ya rasa, ya yi tsaki. Amma zai so firijin hasken rana. Zai zauna a gabansa yini guda yana neman inda wutar take. Kuma da zai ratsa layin masu gyara a kasuwar Kafanchan ya ga matasa maza da mata, Kirista da Musulmi, sun sunkuya a kan injin janareta da tayar Keke Napep da allon waya suna ta fama, ina jin zai tsaya ya gaya wa kowannensu inda ya yi kuskure, wanda a wurinsa shi ne mafi girman yabo.

Akwai abu guda da ban so rubutawa ba, amma gaskiya ɗaya ce. Hawan jini ne ya kashe Kawu a 1999. Bayan rasuwarsa, da matarsa ke tattara kayansa, muka tarar da ƙwayoyin maganinsa duk a rabe biyu, an yanka su daidai da reza, yanka irin na makaniki. Maganin daga waje yake zuwa, tsadarsa ta yi ta hawa, shi kuwa ya ƙi gaya wa kowa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ina zuwa gidan duk wata, ban gane ba. Ya iya ƙera wa firiji kai, amma ƙwayar magani ba a fitar da ita da magagari. Shi ya sa in na ji ana zancen faɗuwar kuɗi kamar lissafin masana ne kawai, nakan yi shiru. Ranar jana'izar, Malam Inuwa ya zo da farar rigarsa ya tsaya a gindin bishiya a wajen majami'a tun daga farko har aka gama, sannan ya bi mu har bakin kabari.

Duk da haka, in na auna, godiya ce ta fi yawa a zuciyata. Na gode wa Ubangiji da ya ba ni kawun da ya tsaya a gaban kwamiti ya ɗauki rabin laifina, ya kuma bar mini rabin don in koya. Bai bar gida na a zo a gani ba, bai bar sunansa a jikin wani gini ba, kayan aikinsa ma 'ya'yansa sun raba sun watse a garuruwa.

A watan jiya na je ɗaurin aure a ƙasar Kagoma. Bayan an fito, wani mutum mai kimanin shekara talatin da biyar, direban babbar mota, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce mahaifiyarsa ta nuna masa ni. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini tabon allura a damtsensa na hagu, ya kira matarsa ita ma ta nuna nata, sannan ya jawo 'ya'yansu huɗu ya ce su gaishe da Mama da ta yi wa iyayensu rigakafi. Na ce masa ni allurar kawai na tsira, akwai waɗanda suka sa ta kai ranar da ranta. Ya tambaye ni su wane ne. Na zaunar da yaran a gindin bishiya, na faɗa musu sunaye biyu, Danjuma da Inuwa, na sa suka maimaita har suka riƙe.